Abin da Ke Tsirowa a Ƙarƙashin Waya: Tarihin Itatuwa da Hanyoyin Lantarki a Amurka

Duk inda aka ja babban layin wutar lantarki ko aka binne bututun iskar gas, akwai wani zirin ƙasa da ke bin sa daga farko har ƙarshe, yana ratsa gonaki da dazuzzuka da bayan gidajen mutane, wanda aka keɓe domin kamfanin da ya mallaki wayar ko bututun ya riƙa shiga yana dubawa yana gyara. A Amurka, inda aka daɗe ana jayayya a kan wannan al'amari, kamfani bai cika sayen ƙasar ɗungurungum ba. Abin da yake saye shi ne haƙƙin ratsawa, wato izini na dindindin da ake rubutawa a takardar fili, wanda ya ba shi damar kafa turaku da shiga da motocinsa da sare duk itacen da zai iya kai wa waya, alhali ƙasar tana nan a hannun mai ita, shi ke biyan harajinta, kuma yana iya nomawa ko ya yi kiwo a kanta. Daga wannan rabon iko ne rigimar ta samo asali, domin mai gida yana ganin wurin bayan gidansa ne da yake son ya yi inuwa da kyan gani, injiniya kuwa yana ganin hanya ce da ba a son komai ya tsaya a kanta. Ita kuma ƙasa, a yankin da ruwan sama ya wadata, ba ta yarda ta zauna fayau, kuma a gabashin Amurka duk filin da aka ƙyale shekara goma ko ashirin daji yake komawa.

Tun daga layin farko aka yi tunanin binne waya. A 1843 majalisar dokokin Amurka ta ba Samuel Morse dala 30,000 domin ya haɗa Washington da Baltimore da wayar tangarahu, tazarar kimanin mil 40, shi kuma ya shirya zura wayar cikin bututun dalma a binne ta da wata garma da Ezra Cornell ya ƙera. Bayan an shimfiɗa 'yan mil kaɗan sai aka gano cewa abin da aka naɗe wayar da shi ba ya hana wuta zurarewa, ga kuɗi suna neman ƙarewa, saboda haka aka koma rataya ta a kan turakun itace, aka kuma aika saƙon farko ranar 24 ga Mayu 1844. Arha ce ta yanke wannan hukunci, kuma ita ta ci gaba da yanke shi a zamanin tarho da na lantarki, domin har yau binne layi yana cin ninkin-ba-ninkin abin da rataya shi ke ci.

A manyan birane ne kawai aka iya juya wannan akala. Jihar New York ta yi doka a 1884 cewa a mayar da wayoyin manyan biranenta ƙarƙashin ƙasa, kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, har guguwar ƙanƙara ta watan Maris 1888 ta karya falwayoyi ta zubar da wayoyi a tituna, sannan a shekarar da ta biyo baya magajin gari Hugh Grant ya sa aka bi turakun da gatari. Amma abin da ya yiwu a tsakiyar New York, inda gidaje ke cunkushe kuma masu biyan kuɗin waya suke da yawa, bai yiwu a ƙananan garuruwa ba. A can an riga an jera itatuwan inuwa a gefen tituna, musamman wani dogon itace da ake kira elm wanda rassansa ke haɗuwa a sama su yi wa titi rumfa, kuma daidai layin da itatuwan suke nan ne aka kafa falwaya. Masu jan waya ba su san komai game da itace ba, aikinsu shi ne su buɗe wa waya hanya, don haka sukan hau da ƙarfen ƙafa mai tsini da ke huda ɓawo, su guntule kan itacen ko su kwashe rassan gefe guda su bar shi a karkace. Masu gidaje sun yi ta kai ƙara, kotunan jihohi kuma suka sha bamban a kan ko kamfani zai biya diyyar itacen da ke bakin titi.

Wannan ɓarna ce ta haifi sana'ar datsar itace domin waya. John Davey, mutumin Ingila da ya zauna a garin Kent na jihar Ohio, ya kafa kamfanin kula da itatuwa a 1880, ya kuma wallafa littafi a 1901 yana koyar da cewa itace abu ne mai rai da ake iya yi wa magani, kuma a farkon shekarun 1920 kamfaninsa ya fara karɓar kwangilar share layukan lantarki. A 1928 wasu 'yan'uwa uku, Griffith da Lester da Carl Asplundh, suka kafa nasu kamfanin a Pennsylvania, suka mayar da hankali kacokan a kan wannan aiki. Daga baya aka samu injin niƙa rassa da motar da ke ɗaga ma'aikaci cikin kwando a kan hannun da wuta ba ta bi, abin da ya rage hawa da igiya, ya kuma rage mutuwar ma'aikata.

Matsalar daji ta fi ta gari girma. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai take da lantarki a Amurka, amma bayan gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, ba a cika shekara ashirin ba sai da lissafin ya koma kusan tara cikin goma, kuma manyan layukan dakon wuta suka keta dazuzzuka na dubban mil. Hanyar da aka sani a lokacin ita ce a tura ma'aikata da gatari da adda su yi sassabe duk bayan 'yan shekaru. Sai dai yawancin itatuwan dajin gabashin ƙasar ba sa mutuwa idan an sare su, kamar yadda sabara da kalgo suke sake tohowa bayan manomi ya yi sharar gona: kututture ɗaya yakan fitar da tsirrai goma ko fiye, kuma da yake saiwar babban itace ce ke ciyar da su, sukan yi tsawo da saurin da itacen da ya fito daga iri ba ya yi. Kowane zagaye na sara yana ƙara yawan abin da za a sara a zagaye na gaba, kuɗin aiki kuma yana hauhawa tare da shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu abin da aka ɗauka shi ne mafita, wato magungunan feshi guda biyu da ake kira 2,4-D da 2,4,5-T, waɗanda ke kashe tsirrai masu faɗin ganye su bar ciyawa. Kamfanonin lantarki da hukumomin hanyoyi suka rungume su hannu bibbiyu, ana fesa su daga tankar mota, daga baya kuma daga jirgin sama, a kan duk abin da ke cikin zirin ba tare da bambancewa ba. Sakamakon shi ne doguwar hanya mai launin ƙasa da ta ƙone ƙurmus a tsakiyar damina, sannan bayan shekara biyu ko uku iri ya sake zubowa daga dajin da ke gefe ya tarar da fili a buɗe, ba abin da zai yi gasa da shi. Feshin ya kashe ƙananan itatuwan da ba za su taɓa kai wa waya ba tare da manyan da ake tsoro, kuma wannan ne babban kuskurensa, ko da ba a yi maganar guba ba. Maganar gubar ma ta zo daga baya: haɗin waɗannan magunguna biyu ne sojojin Amurka suka fesa a dazuzzukan Biyetnam, aka kuma gano cewa 2,4,5-T yana ɗauke da wata guba mai suna dayoksin, har hukumar kare muhalli ta ƙasar ta dakatar da amfani da shi a dazuzzuka da hanyoyin waya a 1979, aka daina shi gaba ɗaya a 1985.

Abin da ya kamata a yi ya riga ya bayyana tun kafin wannan lokaci, kuma wanda ya fi kowa nacewa a kansa shi ne Frank Egler, masanin tsirrai da ke da wani daji nasa a arewa maso yammacin jihar Connecticut, inda ya fara gwaje-gwaje a shekarun 1940. Egler bai ƙi maganin feshi ba. Abin da ya ƙi shi ne watsa shi barkatai. Ra'ayinsa shi ne a bi zirin da ƙafa, a tantance tsirran da za su zama dogayen itatuwa, a shafa wa kowanne magani a gindi domin saiwarsa ta mutu, a ƙyale duk wani gajeren itace da sarƙaƙiya da ciyawa su bazu su rufe ƙasa. Da zarar sun rufe ta, irin babban itace da ya faɗo ba ya samun hasken rana ko sararin kafa saiwa, kuma ko ya tsiro, ɓerayen daji da zomaye da ke fakewa cikin sarƙaƙiyar sukan cinye shi tun yana ƙarami. Da haka tsirran da aka bari su ne ke yi wa waya gadi, ba tare da an biya su ba. William Niering da Richard Goodwin sun gwada wannan a ƙarƙashin wani layin wuta da ya ratsa gandun itatuwan kwalejin Connecticut tun daga 1953, kuma a 1974 suka wallafa cewa kurmin gajerun itatuwan ya riƙe wurinsa shekara da shekaru bai bari daji ya dawo ba. Rachel Carson ta dogara da aikin Egler a littafinta Silent Spring na 1962, inda ta soki feshin gefen hanyoyi, kuma ta nan ne maganar ta fita daga mujallun masana ta isa kunnen jama'a.

A shekarar 1953 ɗin dai aka fara wani bincike a tsakiyar Pennsylvania, a filin farauta na gwamnati mai lamba 33, inda wani layi mai ƙarfin kilobolt 230 ya ratsa daji. Mafarauta ne suka tayar da maganar, domin suna tsoron feshi zai kori barewa da sauran namun daji, sai William Bramble da William Byrnes na jami'ar jihar suka raba zirin kashi-kashi, ana sare wani da hannu, ana fesa wani gaba ɗaya, ana zaɓen abin da za a kashe a wani, suna ƙirga tsirrai da tsuntsaye da dabbobi shekara bayan shekara. Binciken yana ci gaba har yau, kuma daga cikinsa ne a shekarun 1980 aka fitar da tsarin da kamfanoni da yawa suke bi yanzu, wanda ya raba zirin gida biyu. Akwai yankin waya, wato ƙasar da ke ƙarƙashin wayoyin kai tsaye da ƙarin kamar ƙafa 10 a kowane gefe, inda ciyawa da furanni da tsirrai marasa tsawo kaɗai ake bari. Sannan akwai yankin gefe, daga nan zuwa bakin daji, inda ake barin gajerun itatuwa su girma. Wanda ya tsaya a tsakiya ya dubi zirin zai ga tsirrai suna ƙara tsawo a hankali daga ƙarƙashin waya zuwa gefe. Wani amfani da ba a yi zato ba shi ne, yayin da tsofaffin gonakin gabashin Amurka suka koma daji ko suka zama unguwanni, waɗannan hanyoyi sun zama mafakar tsuntsayen da ke son fili mai sarƙaƙiya, da ƙudan zuman daji, da wani shuɗin malam-buɗe-littafi mai suna Karner da ke dab da ƙarewa.

A cikin gari ma ilimi ya sauya yadda ake riƙe zarto. Alex Shigo, masani a hukumar gandun dajin Amurka, ya tsaga dubban itatuwa a tsaye domin ya ga yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, ya kuma nuna cewa itace ba ya warkar da rauni, killace shi yake yi, kuma yana iya killacewar ne idan an yanke reshe a gindinsa, daidai wajen kumburin da ke haɗa shi da uwar itacen. Guntule kan itace kuwa yana buɗe ƙofar ruɓa, yana kuma sa tsirrai marasa ƙwari su fito da yawa su nufi waya kai tsaye. Saboda haka aka koma cire dukan reshen da ya nufi waya a bar waɗanda suka kauce mata, abin da ke barin itace da wawakeken giɓi a tsakiya, wayoyi suna wucewa ta ciki, rassa sun buɗe hagu da dama. Masu gidaje da yawa suna ganin wannan muni ne, kuma suna da gaskiya ta fuskar kyan gani, amma itacen ya fi daɗewa a raye, kuma laifin na wanda ya dasa dogon itace a ƙarƙashin waya ne tun farko.

Duk wannan ilimi bai zama wajibi a kan kowa ba, kuma kuɗin datsar itace yana cikin abubuwan da kamfani ke fara ragewa idan yana neman tsimi, domin illar ba ta bayyana a shekarar da aka rage. Haɗarin kuwa yana da sauƙin fahimta. Waya ƙarfe ce, idan ta ɗauki wuta mai yawa a rana mai zafi da ba iska takan yi zafi ta miƙe ta sauko ƙasa, kuma a manyan layuka ba sai ta taɓa reshe ba, wuta tana iya tsallakawa ta cikin iska idan tazarar ta ragu. Da zarar haka ta faru na'urar kariya takan kashe layin, nauyin da yake ɗauke da shi ya koma kan layukan da ke kusa, su ma su ƙara zafi su ƙara saukowa. Haka ta faru sau biyu a yammacin ƙasar a 1996, ranar 2 ga Yuli da ranar 10 ga Agusta, inda miliyoyin mutane suka rasa wuta, amma ba a yi doka ba.

Ranar 14 ga Agusta 2003 abin ya maimaitu a arewacin Ohio, a yankin kamfanin FirstEnergy. Jim kaɗan bayan ƙarfe 2 na rana na'urar da ke yi wa ma'aikatan ɗakin lura da layuka ƙararrawa ta daina aiki ba su sani ba. Da ƙarfe 3:05 wani layi mai kilobolt 345 ya haɗu da itace ya mutu, alhali bai ɗauki ko rabin nauyin da aka yi shi dominsa ba, wanda ke nuna cewa itacen ne ya yi tsawo fiye da kima. Da ƙarfe 3:32 na biyu ya bi shi, a gaban idon wasu ma'aikatan datsar itace da ke aiki a kusa, na uku kuma ya mutu da ƙarfe 3:41. Bayan ƙarfe 4 kaɗan sai rushewar ta bazu cikin 'yan mintoci, ta kashe wutar kimanin mutum miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontario na Kanada. Kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu, a rahotonsa na Afrilu 2004, ya sa sakaci da girman itatuwa cikin manyan dalilai huɗu na abin da ya faru. Mako shida bayan wannan katsewar wuta, ranar 28 ga Satumba 2003, wuta ta tsallaka daga wani layi zuwa itace a Suwizalan, kusan dukan Italiya ta shiga duhu.

Dokar makamashi ta 2005 ce ta mayar da ƙa'idojin tsaron layuka wajibi, kuma daga 2007 kamfanin da ya bari itace ya kashe babban layi, musamman mai kilobolt 200 zuwa sama, yana iya fuskantar tarar da a lokacin ta kai dala miliyan 1 a kowace rana. Irin wannan katsewar wuta ta ragu ƙwarai. Sai dai dokar tazara ta auna, ba ta ce ga abin da za a bari ya tsiro ba, don haka wasu kamfanoni, saboda tsoron tara, suka share zirinsu ƙal daga gefe zuwa gefe, har da itatuwan da iyalai suka dasa shekara talatin da suka wuce ba wanda ya ce musu uffan. Takardun haƙƙin ratsawa da kakanni suka sa wa hannu sun ba kamfanonin wannan dama, amma yin shiru na tsawon shekaru sannan a zo da zarto rana ɗaya ba adalci ba ne ga mai gida, kuma share ƙasa ƙal komawa ne ga kuskuren da Egler ya bayyana rabin ƙarni kafin nan.

Abin da aka binne ma yana da nasa sharuɗɗan. Saiwar itace ba ta fasa lafiyayyen bututu, amma takan bi danshi ta shiga ta mahaɗin tsohon bututun ƙazanta na yumɓu ta toshe shi, takan kuma naɗe bututun gas ta lalata shafen da ke kare shi daga tsatsa, sannan inuwar itace tana hana masu sintiri ta jirgin sama ganin alamar yoyo ko haƙa. Bayan fashewar bututun gas a San Bruno ta Kalifoniya a 2010, wadda ta kashe mutum 8 kuma mummunar walda ce ta jawo ta, kamfanin PG&E ya ƙaddamar da shirin cire dubban itatuwa daga kan bututunsa, garuruwa da dama suka yi masa ca har ya koma duba itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ga mai son dasa itace a gidansa kuwa, tun 2007 akwai lambar waya guda, 811, da ake kira kafin a haƙa rami, ma'aikata su zo kyauta su yi alama a ƙasa da fenti da 'yan tutoci: ja na lantarki, rawaya na gas, ruwan lemo na wayar sadarwa, shuɗi na ruwan sha, kore na bututun ƙazanta.

Shawarar da gidauniyar ranar dashen itace da kamfanonin lantarki suke bayarwa yau ba ta da wuya: kusa da wayar titi a dasa itacen da tsawonsa ba zai wuce ƙafa 25 ba idan ya gama girma, dogayen itatuwan inuwa kuma a nisanta su kamar ƙafa 50 ko fiye. Wannan yana magance abin da za a dasa gobe, amma bai taɓa dajin da ke tsaye a wajen zirin ba, wanda fari da zafi ke busarwa a yammacin ƙasar. A watan Yuli 2021 wani dogon itace ya faɗo a kan layin PG&E a arewacin Kalifoniya, ya tayar da gobarar da aka sa wa suna Dixie, wadda ta cinye kusan eka miliyan 1. A cikin wannan wata na Yuli 2021 kamfanin ya sanar da cewa zai binne mil 10,000 na wayoyinsa a yankunan da gobara ta fi barazana, aikin da zai ci biliyoyin daloli, kuma masu biyan kuɗin wuta ne za su ɗauki nauyinsa.